Yadda ake jinyar mai gyambon ciwon suga idan damuwa ta hana ƙafa warkewa

A gidajen da ake jinyar mai ciwon suga wanda gyambo ya fito wa a ƙafa, akwai lokacin da masu jinya sukan lura cewa mutumin nasu ya canza, ko da ba za su iya faɗin ranar da abin ya soma ba. Magidancin da a makonnin farko shi yake tashin ɗansa tun da asuba don kada su makara zuwa wankin ciwo, yanzu sai an yi ta lallashi kafin ya sa riga. A kawo masa tuwo ya ce a ajiye, a dawo da la'asar a tarar da kwanon a rufe yadda aka bar shi. Rediyon da a da ba ya rabuwa da shi yana gefen katifa ya yi ƙura, kuma idan abokansa na majalisa suka yi sallama a zaure sai ya ce a gaya musu yana barci, saboda ba ya son su ji warin ƙafar. Iyali sukan kira wannan taurin kai ko rigimar tsufa, alhali sau da yawa wani ciwo ne na biyu ya hau kan na farko, wato ciwon damuwa, kuma muddin ba a kula da shi ba, wahalar da ake sha a kan ƙafar takan tafi a banza.

Ciwon damuwa da ake nufi a nan ya wuce ɓacin ran kwana ɗaya ko biyu, wanda duk mai rai yakan yi idan jinya ta yi tsawo. Yanayi ne da baƙin ciki ko mutuwar zuciya ke zaune wa mutum kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, barcinsa da cin abincinsa su rikice, ƙarfinsa ya ƙare, ya riƙa ganin kansa ba shi da sauran amfani. Masu ciwon suga sun ninka sauran mutane kusan sau biyu wajen haɗuwa da wannan ciwo, kuma idan gyambo ya shigo abin yakan ƙara muni. A wani bincike da aka buga a 2007, an bi mutum 253 a kudancin birnin Landan waɗanda gyambon ƙafa ya fito musu karon farko, aka tarar kusan ɗaya cikin uku suna da ciwon damuwa, kuma cikin wata 18 haɗarin mutuwa ga masu damuwar ya kai kusan ninki uku na waɗanda ba su da ita. Wani binciken da Kavita Vedhara da abokan aikinta suka buga a Ingila a 2010 ya bi mutum 93 tsawon mako 24, ya nuna cewa gyambon masu damuwa bai ragu kamar na sauran ba. A jihar Washinton ta Amurka kuma an bi masu ciwon suga fiye da 3,000, aka ga cewa masu tsananin damuwa sun ninka sauran sau biyu wajen fitowar gyambon tun daga farko.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin gyambon suga a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Tsakanin 2016 da 2017 an bi mutum 336 da aka kwantar saboda shi a manyan asibitoci 6 na Najeriya, aka yanke wa kusan kashi 35 cikin ɗari wani sashe na ƙafa, kusan kashi 20 cikin ɗari kuma suka rasu. Mara lafiyar da ke kwance a gida ya san irin waɗannan labarai ko bai san alƙaluman ba, domin ya ga maƙwabcin da ya tafi asibiti da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya, kuma wannan tsoro yana cikin abin da ke hana shi barci.

Ta ina damuwa take isa ga ƙafa

Ta hanya biyu take bi. Ta farko a cikin jiki take. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke fitar da sinadarin kotisol, wanda a jikin mai lafiya yakan yi yawa da safe ya ragu da dare. Idan damuwa ta daɗe wannan tsari yakan rikice, kuma kotisol yana ɗaga sugan jini, yana kuma rage kuzarin ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda su ne ke share ciwo su yaƙi ƙwayoyin cuta. Kowane rauni sai ya bi matakai kafin ya warke: ya yi kumburi na 'yan kwanaki, sannan jan nama ya tsiro ya ciko daga ƙasa, sannan fata ta rufe daga gefe. Gyambon suga dama yakan maƙale a matakin farko saboda yawan suga da ƙarancin jinin da ke isa ƙafa, sai damuwa ta ƙara danne shi a can. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a jihar Ohayo ta Amurka sun yi wa mata 26 ɗan ƙaramin rauni iri ɗaya a hannu, rabinsu masu jinyar 'yan'uwa ne da ciwon mantuwa ya kama, sauran rabin kuma ba sa jinyar kowa. Raunin masu jinyar ya ɗauki kimanin kwana 49 kafin ya rufe, na sauran kuma kimanin 39. Wannan a jikin da ba shi da gyambon suga ke nan.

Hanya ta biyu ita ce ta ɗabi'a, kuma a ganina ita ce ta fi yi wa mutanenmu illa. Jinyar gyambo aiki ne na kullum mai gajiyarwa: shan magani ko yin allurar insulin a kan lokaci, gwajin suga, zuwa wankin ciwo sau biyu ko uku a mako, cin abin da ya dace, da kuma babban cikinsu, wato hana ƙafar ɗaukar nauyi. Gyambon tafin ƙafa ba ya warkewa muddin ana taka shi, domin kowane taku yana murƙushe sabon naman da ya tsiro. Abin da ya sa wannan ya yi wuya shi ne suga ya riga ya kashe jijiyoyin ji a ƙafafun yawancin masu gyambon, don haka babu zafin da zai tsawata musu. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2003, an bai wa marasa lafiya takalmi na musamman da ke ɗauke nauyi daga gyambo, aka ƙirga takunsu, sai aka ga kashi 28 cikin ɗari ne kawai na takun suka yi da takalmin a ƙafa. Idan haka abin yake ga marasa lafiya gaba ɗaya, to a auna yadda zai kasance ga wanda ya riga ya yanke a ransa cewa ƙafar nan ba za ta warke ba.

Yadda za ku gane, da yadda za ku tambaya

Bahaushe ba kasafai yake cewa yana da ciwon damuwa ba, balle dattijo a gaban 'ya'yansa. Abin da za ku ji shi ne: “Jikina duk ya mutu,” ko “Tunani ya yi mini yawa,” ko “Ƙirjina ya yi nauyi,” ko kuma “Ku bar wahalar da kanku a kaina.” Wani ma ba zai ce komai ba, sai dai ku ga ya daina tambayar yadda kasuwa take, ya bar aski, ya bar wasa da jikoki, yana farkawa ƙarfe uku na dare ya zauna shiru har kiran assalatu. Uwa kuma za ku ga ta daina sa baki a harkar gida, ta bar kitso da lalle, tana share hawaye idan ta zaci ba mai ganinta.

Likitoci suna fara tantance wannan ciwo da tambaya biyu kacal, kuma mai jinya ma zai iya yin su a gida. Ta farko ita ce ko cikin mako biyun da suka wuce mutum ya riƙa jin baƙin ciki ko yanke ƙauna, ta biyu kuma ko ya daina sha'awa da jin daɗin abubuwan da ya saba yi. Sai dai yadda aka yi tambayar ya fi kalmominta muhimmanci. Kada a yi ta a gaban 'yan dubiya, kada kuma a yi ta lokacin da aka kwance bandeji yana kallon ciwon. A zaɓi wanda mara lafiyar ya fi sakewa da shi, wanda ba lalle ne ya zama babban ɗa ba, domin wani lokaci ƙanwarsa ce ko amininsa na ƙuruciya, a kuma zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, kamar bayan sallar isha'i. A fara da abin da ido ya gani, misali: “Baba, na ga kwana biyu ba ka kunna rediyo, abincin ma ba ka ci sosai. Me yake damunka a rai?” Idan ya ce ba komai, kada a matsa, a ce: “To Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Gobe ma zan zo mu zauna.” Sau da yawa sai a zama na uku ko na huɗu maganar take fitowa, kuma idan ta fito aikin mai jinya shi ne ya saurara har ƙarshe.

Akwai maganganun da muke yi da kyakkyawar niyya amma suna rufe bakin mara lafiya. “Ka yi haƙuri, wasu sun fi ka shiga wani hali” gaskiya ce, sai dai idan ita ce amsar farko, abin da zai fahimta shi ne ba a son jin sauran. Wadda ta fi ciwo ita ce a ce masa rashin tawakkali ne, domin an ɗora masa laifi a kan ciwo, kuma mai damuwa dama yana zargin kansa fiye da kima. Masu ƙarfin imani ma wannan ciwo yana kama su, kamar yadda suga yake kama su, kuma neman maganinsa bai saɓa wa dogaro ga Allah ba. Addu'a da karatun Alƙur'ani a kusa da shi suna sanyaya zuciya, a ci gaba da yi, a haɗa da zuwa wurin likita.

Idan kuka ji kalmomi irin su “gara in mutu in huta” ko “na zame muku kaya,” kada ku ce subhanallahi ku wuce. Ku tambaye shi a fili, cikin natsuwa, ko tunanin halaka kansa yana zo masa, domin tambayar ba ta jefa wa mutum wannan tunani, kuma takan zama ƙofar da ya daɗe yana jira a buɗe masa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar, sannan insulin da ƙwayoyin suga su koma hannun mai jinya yana ba shi na lokaci ɗaya kawai, a kuma kawar da fiya-fiya da maganin feshi daga inda hannunsa zai kai.

Wani abu da dole a bambance shi ne canjin da ya zo farat ɗaya. Ciwon damuwa yakan shigo a hankali cikin makonni. Idan cikin kwana ɗaya ko biyu mutum ya rikice, yana sambatu ko yawan barci, ko jikinsa ya yi zafi, to a fara zargin ƙwayoyin cuta sun shiga jini daga ƙafar, ko suga ya hau ko ya faɗi ƙwarai, kuma wannan na gaggawa ne. Ƙarancin jini da ciwon ƙoda ma suna kawo kasala da rashin cin abinci, shi ya sa likita zai so a yi gwajin jini kafin ya yanke hukunci.

Abin da za ku gaya wa likita

A ɗakin wankin ciwo ido yana kan ƙafa, layi kuma yana da tsawo, don haka idan ba ku ɗauko maganar ba, da wuya wani ya ɗauko ta. Ku nemi izinin mara lafiyar tukuna, sannan ku rubuta abin da kuka gani a takarda kafin ku fita daga gida: yaushe ya soma, awa nawa yake barci, nawa yake ci, sau nawa ya ƙi magani ko ya ƙi zuwa asibiti. Akwai takardar tambayoyi tara mai suna PHQ-9 da ma'aikatan lafiya ke amfani da ita, makinta daga 0 zuwa 27, kuma wanda ya sami 10 ko fiye yana buƙatar a duba shi da kyau. Ba lalle ne sai an je wurin ƙwararre ba, domin likitan suga ko na babban asibiti zai iya fara magani. Idan aka tura ku asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a jihar Sakkwato, ko na Maiduguri, ko sashen da ke cikin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ku yi wa mara lafiyar bayani tun a gida cewa ba hauka ake zarginsa da shi ba, don kada ya ga allon ƙofar asibitin ya ji an yaudare shi.

Magani iri biyu ne, kuma ana iya haɗa su. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake koya wa mutum yadda zai warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya ya kuma koma ga ayyukan da ya bari. Akwai kuma ƙwayoyi, irin su fluoxetine da sertraline da amitriptyline, kamar yadda ake rubuta sunayensu a jikin kwali. Abu uku ya kamata iyali su riƙe game da su. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, kuma a wannan tsakanin ne mutane da yawa suke jefar da su su ce ba su da amfani. Na biyu, ba a daina su da zarar an ji sauƙi, ana ci gaba aƙalla wata shida, kuma likita ne zai rage su a hankali. Na uku, wasunsu suna taɓa sugan jini ko sha'awar abinci, don haka a ƙara yawan gwajin suga a makonnin farko. Amitriptyline yana sa barci da bushewar baki da jiri idan an miƙe tsaye, kuma bai dace da wasu masu ciwon zuciya ba. Masu suga da yawa ana ba su kaɗan daga cikinsa saboda zafi da tsikarin ƙafa da dare, amma wannan ɗan adadin bai kai na maganin damuwa ba, don haka kada a ɗauka an riga an gama da ita. Kada kuma a je kemis a sayo maganin barci ko tramadol ba da takardar likita ba, domin suna kama jiki, suna kuma sa dattijo ya faɗi.

Ya fi kyau jinyar biyu ta tafi tare, likitan suga ya san abin da ake ba shi na damuwa, mai duba damuwar ma ya san halin ƙafar. An gwada irin wannan haɗin a jihar Washinton, inda ma'aikaciyar jinya ɗaya take bibiyar damuwa da suga da hawan jini a lokaci guda, kuma sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna dukansu sun gyaru fiye da na waɗanda aka yi wa jinya yadda aka saba. A wurinmu, wanda zai haɗa wannan zare yawanci mai jinya ne da littafinsa.

Tsara yini yadda ƙafa za ta huta mutum kuma bai mutu a zaune ba

A nan wahalar take, domin abin da ƙafa take so da abin da zuciya take so sun saɓa. Ƙafa tana so a zauna, zaman ɗaki kuma shi ne abincin damuwa. Mafita ita ce a rage takun da ba dole ba, sannan a kawo masa rayuwar inda yake zaune. A mayar da shi ɗakin da ya fi kusa da banɗaki, a ajiye buta da ruwan sha da waya inda hannunsa zai kai, a samo sanduna ko keke idan likita ya ce, kuma duk takalmi ko simintin da aka sa masa kada a cire shi don an shigo gida, domin yawancin takun mara lafiya a cikin gida ake yin su. Da hantsi a fito da shi tsakar gida ko ƙofar zaure ya sha iska da hasken rana, ƙafar a kan matashi.

Rabuwa da masallaci yana cikin abin da ya fi karya zuciyar dattawanmu, kuma wasu sukan taka gyambon sau biyar a yini don kada su rasa jam'i, ko su jiƙa bandejin wajen alwala. A gayyato malamin da yake girmamawa ya yi masa bayanin sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya, na salla a zaune da shafa a kan bandeji da taimama, domin daga bakin malam zai karɓa fiye da daga bakin ɗansa. A samu wanda zai riƙa yin jam'i da shi a gida ko da sau biyu ne a yini. Haka batun azumi: mai gyambon da bai warke ba, musamman wanda yake kan insulin ko yake shan maganin ƙwayoyin cuta, ya ji ta bakin likita tun kafin watan ya kama.

Wari kuma a yi maganarsa a fili da ma'aikaciyar jinya, domin yawanci alama ce ta mataccen nama ko ƙwayoyin cuta, kuma akwai maganin da ake sawa ya rage shi. A sa lokacin zuwan baƙi ya biyo bayan wankin ciwo, a buɗe taga, a turara ɗakin, amma kada turare ko wani abu ya taɓa ciwon. Sannan a roƙi abokansa biyu ko uku su mayar da hirarsu wurinsa a wasu ranaku sanannu, su zo da labarin gari da na siyasa, kada su zo da labarin wanda aka yanke wa ƙafa.

A kuma ba shi aikin da yake na gaske. Ɗan kasuwa ya riƙe littafin shago yana lissafi da yamma, manomi a riƙa shawartarsa kan taki da lokacin shuka, uwa a kawo mata tsintar wake ko gyaran zogale, a bar jikoki su yi tilawa a gabanta. Kada a jira sai ya ji sha'awa, domin a wannan ciwo sha'awar takan dawo ne bayan an fara yin abin. A fara da kaɗan, kamar minti goma sha biyar, a ƙara a hankali.

Abinci yana buƙatar lura ta musamman. Sabon nama ba ya tsirowa sai da abinci mai gina jiki, irin su wake da ƙwai da kifi da nama da nonon da ba a sa wa suga ba, sai dai mai ciwon ƙoda ya tambayi likita adadin da ya dace da shi. Wanda ba ya son ci a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma a ci tare da shi, domin mutum ya fi ci idan hannu biyu ne a kwano. Haɗarin da ake mantawa shi ne a yi masa allurar insulin ko a ba shi ƙwayar suga irin glibenclamide, sannan ya ƙi cin abinci. Suga zai iya faɗuwa, ya kama gumi da rawar jiki da ruɗewa. Idan haka ta faru kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan suga ko lemon kwalba nan take, sannan a sanar da likita don a daidaita maganin. Mai shan taba kuma a taimaka masa ya bari, domin tana ƙuntata jijiyoyin jinin da dama sun riga sun ƙuntata.

Batun kuɗi kada a yi shi a kansa. Magidancin da ya saba ciyar da gida, idan yana jin ana gardamar wanda zai biya kuɗin bandeji da na mota, shi ne zai fara cewa a bar zuwa asibitin. 'Yan'uwa su zauna a wani wuri su raba nauyin, kuɗi da kwanakin rakiya duka, a rubuta.

Auna ciwon, kada a dogara da ido

Mai damuwa ba ya ganin ci gaba ko da akwai shi, mai jinya ma da yake kallon ciwon kullum ba ya lura da raguwarsa. Saboda haka sau ɗaya a mako, ranar wankin ciwo, a ɗauki hotonsa da waya daga nisa iri ɗaya, da ruler a gefensa ba tare da ta taɓa shi ba, a rubuta tsawo da faɗi da kwanan wata. Idan ya ce ba ya warkewa, a nuna masa hoton mako uku da suka wuce da na yau. Wannan awo yana da wani amfanin kuma: likitoci sun lura cewa gyambon da bai ragu da kusan rabi ba cikin mako huɗu na jinya mai kyau, da wuya ya rufe cikin mako 12. Idan aka kai nan ba canji, a nemi likita ya sake duba ko jini yana isa ƙafar, ko ƙwayoyin cuta sun kai ƙashi, ko har yanzu ana taka wurin. Maganin damuwa ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Binciken Vedhara ya gano wani abu da ya kamata a sani, wato masu zafin nama da ke son su ci ƙarfin ciwon da kansu ma gyambonsu ya fi jinkirin warkewa. A wurinmu irin wannan gaggawa, idan ta haɗu da yanke ƙauna, ita ce take kai mutum wurin wanzami a yi masa sakiya, ko a gasa ƙafar da ruwan zafi, ko a barbaɗa mata garin magani, musamman idan wani ya ce daji ne ko an yi masa jifa. Kada a yi masa faɗa ko dariya, a tambaye shi abin da yake tsoro, kuma kusan kullum yanka ne. A gaya masa gaskiya cewa zuwa da wuri ne yake ceton ƙafa, kuma cire mataccen nama ko yatsa ɗaya a kan lokaci yakan hana a kai ga gwiwa. Idan ja ko kumburi yana hawa sama, ko mugunya ta ƙaru, ko wani wuri ya yi baƙi, ko ƙafar ta yi sanyi, ko zazzaɓi ya zo, a tafi asibiti a ranar ko da mara lafiyar ya ce a bari sai gobe.

Bayan ciwon ya rufe ma ba a saki jiki ba, domin kusan mutum 40 cikin 100 gyambon yakan dawo musu cikin shekara ɗaya. A riƙa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, a shafa mai saboda faso lokacin hunturu amma ban da tsakanin yatsu, a nisanta ƙafa daga kaskon wuta, a zazzage takalmi kafin a sa, kada kuma a yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Duk wata ɗaya ko biyu a sake yin tambayoyin nan guda biyu, domin idan damuwa ta dawo, duba ƙafar ne abu na farko da zai bari.

Matan nan na Ohayo da raunin hannunsu ya ƙara kusan kwana goma kafin ya rufe, masu jinya ne. A gidajenmu nauyin yakan faɗa kan mutum ɗaya, yawanci matar gida ko 'ya mace, wadda take wanki da girki da tashin dare da zaman layin asibiti wata da watanni, kuma wani lokaci ita ma tana da suga ko hawan jini. A yi mata tambayoyin nan biyu ita ma, a ware mata aƙalla yini ɗaya a mako da wani zai karɓe ta, kuma ranar da za a kai mara lafiyar ganin likita a yankar mata kati a duba ta tare da shi.